Kada mu shiga ta ƙofar da ɓarawo ya nuna mana

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane ba ce. Wannan magana ce ta faɗo mana a rai yayin da muke duba irin wasiƙun da ke shigowa akwatin imel na jama'a da sunan kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, musamman PayPal, wanda ƴan damfara suka fi shekara 20 suna aron rigarsa. Wasiƙar kan zo da tambarin kamfanin da launinsa, tana cewa an dakatar da asusunka, ko wani ya shiga cikinsa daga wata ƙasa, kuma in ba ka gyara cikin awa 24 ba to ka yi asara. A ƙasa an tanadar maka inda za ka latsa. Da zarar ka latsa, sai ka faɗa wani shafi mai kama da na gaskiya, ka rubuta lambar sirrinka da ta katin bankinka, ka miƙa wa ɓarawo da hannunka.

Wani zai ce mene ne namu a ciki? Akwai namu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayo kaya daga waje, da ɗalibin Yamai da ke biyan kuɗin neman makaranta a Turai, da maƙerin azurfa na Agadas da ke sayar wa baƙi ta intanet, duk ta waɗannan hanyoyi kuɗinsu ke bi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 2000 aka kafa wani shafi na jabu da aka musanya harafin ƙarshe na sunan PayPal da babban harafin I, wanda a ido bai da bambanci da ƙaramin l. A 2003 wata cutar kwamfuta mai suna Mimail ta yaɗu tana buɗe wa mutane fom na ƙarya da ke neman lambar kati. A 2005 kuma masana suka nuna cewa ana iya sa harafin "a" na rubutun Rasha a cikin sunan, adireshin ya fito tamkar na asali alhali wani gida ne daban.

To, a nan ne muke son mai karatu ya tsaya, domin a ganinmu shawarwarin da aka daɗe ana bai wa jama'a sun tsufa, har wasunsu na iya cutarwa. An ce mana mu duba kuskuren rubutu, wai ɗan damfara bai iya Turanci ko Faransanci ba. A da haka ne, amma yanzu akwai manhajojin da ke rubuta masa wasiƙa tsaf cikin daƙiƙa kaɗan. An ce mana mu duba alamar kwaɗo a gefen adireshi, in akwai ta to shafin amintacce ne. Alhali kwaɗon nan ba ya nufin komai illa cewa babu mai leƙen abin da kake aikawa a kan hanya. Bai ce mai karɓa mutumin kirki ba ne. Takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samun ta tun shekaru da dama, kuma a 2023 Google ya cire alamar daga Chrome saboda mutane na yi mata gurguwar fahimta. An ce mana kamfanin gaskiya na kiran ka da cikakken sunanka. Gaskiya ne, sai dai sunayen mutane da aka sato daga wasu shafuka suna nan ana cinikinsu, don haka ɓarawo ma ya san sunanka.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wanda ya yawaita a 2022. Ƴan damfara suka riƙa buɗe asusu a PayPal ɗin kansa, su aika wa mutum takardar neman biya ta ɗaruruwan dalar Amurka a kan kayan da bai saya ba. Wasiƙar daga kamfanin ta fito, babu jabu a adireshinta, amma a cikin bayanin sun sa lambar waya wai a kira in ana da ƙorafi. Wanda ya kira, da su yake magana, kuma sukan lallaɓe shi ya sa wata manhaja da za ta ba su ikon sarrafa kwamfutarsa. Wane kaifin ido ne zai gano wannan?

Shi ya sa muke cewa maganin ba a ido yake ba, a ɗabi'a yake. Duk wasiƙar da ta taɓa maganar kuɗinka, ko ta gaskiya ce ko ta ƙarya, kada ka latsa komai a cikinta, kada ka kira lambar da ta ba ka. Rufe ta, ka buɗe manhajar kamfanin da kanka ko ka rubuta adireshinsa da hannunka. In akwai matsala za ka tarar da ita a can, in babu, to ka huta. Wannan bai buƙatar sanin Turanci, bai kuma ci minti biyu ba. Ɗan damfara da gaggawa yake aiki, ya san wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa karatu.

Masu sayarwa kuwa nasu tarkon daban ne. Sai a aiko maka wasiƙa cewa an biya, amma an riƙe kuɗin sai ka tura kaya ka aiko da lambar shaidar turawa. Ko a ce an yi kuskure an biya fiye da kima, ka mayar da rarar ta Western Union. Kuɗin da ba ka gani a cikin asusunka da idonka ba, ba a biya ka ba. Haka nan lambar nan da ake turo maka a salula lokacin shiga asusu, taka ce kai kaɗai. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta. Wannan ya shafi har masu ajiyar kuɗi a waya, domin irin wannan yaudara ce ke zuwa ta gajeren saƙo da WhatsApp.

Akwai kuma laifinmu mu jama'a. Mun saba yi wa wanda aka damfara dariya, mu ce kwaɗayi ne ya ja shi. Sai mutum ya ɓoye don kunya, ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba, alhali awoyin farko su ne masu amfani. Wanda ya riga ya rubuta lambarsa, ya sake ta nan take, ya sake ta a duk inda ya yi amfani da irinta, musamman akwatin imel ɗinsa, sannan ya kira bankinsa a toshe katin. PayPal na karɓar irin waɗannan wasiƙu a phishing@paypal.com. A Nijar kuma tun 2019 akwai dokar hukunta laifukan intanet, don haka wanda zai kai ƙara wurin ƴan sanda kada ya goge wasiƙar, ita ce shaidarsa.