Gurguzu Ya Leƙo A Gidan Jari-Hujja

Ran 4 ga watan Nuwamba na 2025 mutanen birnin New York suka zaɓi Zohran Mamdani, ɗan shekara 34, haifaffen Kampala, ya zama magajin garinsu. Mutumin nan bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan ra'ayin gurguzu ne ba, irin wanda ake nema ta hanyar ƙuri'a. A wannan birni kuwa Wall Street yake, watau babbar kasuwar kuɗi ta duniya. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Mai karatu zai tuna cewa da katangar Balin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje a 1991, sai masanan Yamma suka ɗauka magana ta ƙare. Har wani shehun malami, Francis Fukuyama, ya wallafa littafi a 1992 yana mai cewa tarihi ya kai ƙarshensa. A ganinsu tsarin sassauci ya yi rinjaye har abada, watau kowa ya faɗi ra'ayinsa, kowa ya jefa ƙuri'a, gwamnati kuma ta sakar wa kasuwa mara. Wannan sashe na ƙarshe shi ne aƙidar da Margaret Thatcher ta kawo Ingila a 1979, Ronald Reagan kuma ya kawo Amurka a 1981. Mu ma nan Nijeriya mun ɗanɗana ta a 1986 da sunan shirin gyaran tattalin arziki na SAP.

Asiri ya tonu a 2008. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba, sai ga majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, alhali miliyoyin talakawa ana karɓe musu gidaje saboda bashi. Ashe sharaɗin kasuwa a kan talaka kaɗai yake aiki. Attajiri in ya faɗi, baitulmali ke tallabarsa. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka a 2009, dala 7 da santi 25 a awa, ya shafe fiye da shekara 15 ba a ƙara ko kwabo ba, kuɗin haya da na asibiti da na jami'a kuwa sai hawa suke.

Samarin da suka tashi cikin wannan hali su ne suka mamaye dandali kusa da Wall Street a 2011, su ne suka mara wa Bernie Sanders baya a 2016 da 2020. A Ingila takwarorinsu suka ɗora Jeremy Corbyn kan shugabancin jam'iyyar Leba a 2015.

Amma kada a yi saurin buga tambura. In an duba abin da Mamdani ya yi alkawari, ba a ga maganar ƙwace masana'antu irin ta Rasha ba. Cewa ya yi a shiga bas kyauta, a daskarar da kuɗin hayar gidajen da hukuma ke ƙayyadewa, a kula da yara ƙanana ba biya. Wannan kuwa dangin abin da Ingila ta yi ne a 1948 da ta kafa tsarin magani kyauta, ba tare da ta bar jari-hujja ba. Haka nan fushin talaka ba hagu kaɗai yake nufa ba. Shi ne ya taimaki Donald Trump a 2016 da 2024, Sanders kuwa bai sami takara ba, Corbyn ma ya sha mummunan kaye a 2019.

Abin tsoro shi ne a haɗa tsaba da tsakuwa a zubar. 'Yancin magana, da kotu mai cin gashin kanta, da jarida marar takunkumi, duk 'ya'yan tsarin sassauci ne, mai neman gurguzu ta ƙuri'a ma da su yake numfashi. To amma wanda mai gida ya watso wa kaya waje ba zai tsaya sauraron wa'azin 'yanci ba. Muddin shugabannin Yamma ba su sama wa jama'arsu muhalli da magani da albashin kirki ba, lalle wata rana za su wayi gari ƙuri'ar da suke alfahari da ita ta ɗora musu wanda zai soke ta.