Fitar da lagireton kwamfuta waje a hunturu: Ganganci ne, ba dabara ba

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Kanada, Rasha da arewacin Turai, wata shawara kan dawo a tsakanin masu haɗa kwamfutar tebur da kansu. Mutum ya ga sanyin waje ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kwamfutarsa kuma na huci a ɗaki, sai ya ce me zai hana ya ja tiyo ta taga, ya ajiye lagireto a waje, sanyi ya yi masa aiki kyauta? Ɗalibanmu da ke can, musamman masu haɗa bidiyo da masu wasannin kwamfuta, ba za su rasa jin wannan shawara ba. A ganina kada su ɗauka.

Tsarin sanyaya kwamfuta da ruwa kusan irin na mota ne. Ana ɗora farantin tagulla a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ƙaramin famfo ya tura ruwa ya kwaso zafin, ya kai shi lagireto, fanka ta busa shi cikin iska. Don haka ruwan ba zai taɓa fin iskar da ke ratsa lagireton sanyi ba. Wannan ne ke jan hankalin mutane zuwa taga.

Amma matsalar a ɗaki take. Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar ruwa daga firji ya san yadda take jiƙewa nan da nan. Ba yoyo take yi ba, danshin iska ne ke zama raɓa a jikinta. A ɗakin da ke digiri 21, danshinsa kashi 40 cikin 100, raɓa na fara sauka a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 7. To ina ga ruwan da ya dawo daga waje ƙasa da sifili? Tiyo zai yi gumi, farantin tagulla zai yi gumi, ɗigon kuma a kan babban allon kwamfutar da katin hoto zai sauka, inda wuta ke gudana. Ɗigo ɗaya ya isa ya ƙona kayan da aka yi watanni ana tara kuɗinsu. Ko bai ƙona ranar ba, tsatsa na nan tana ci a hankali.

Sai daskarewa. Ruwa na kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. A kashe kwamfuta a kwanta, da safe a tarar lagireto ya tsage. Masu dabarar kan ce ai sai a gauraya da ruwan hana daskarewa na mota. Gaskiya ne, rabi da rabi na jure kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Sai dai bai kai ruwa zalla kwasar zafi ba, yana kauri a sanyi har ya wahalar da famfo, kuma irin wanda aka fi zuba wa mota guba ne mai ɗanɗanon zaƙi. Wannan ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara.

To me ake samu bayan duk wannan? Kwamfutocin zamani sai sun kai digiri 95 zuwa 100 suke rage gudu don kare kansu. Wadda ke aiki a 70 lafiyarta ƙalau. Saukar da ita zuwa 30 bai wuce abin nuna wa abokai a hoto ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zubar da zafin. Katin hoto na RTX 4090 kaɗai na jan wat 450, kuma kusan duk wutar zafi take komawa. Mutum na biyan kuɗin ɗumama ɗaki, sannan ya jefar da ɗumin da ya riga ya saya ta taga. A Finland, Google ya sanar a 2024 cewa zafin cibiyar bayanansa ta Hamina za a riƙa tura shi ne don ɗumama gidajen garin.

Mu a nan hunturunmu ba ya daskarar da ruwa a tiyo. Abokiyar gabarmu ƙura ce, wadda ke toshe haƙoran lagireto har ruwan ya kasa huce zafi. Mai irin wannan kwamfuta a Kano ko Jos, ya riƙa kashe ta yana busa lagireton a kai a kai.

Wanda kuma aka kawo wa sabon kayan sanyaya ko kwamfuta cikin tsananin sanyi a Winnipeg ko Mosko, ya bar su a kwalinsu na wasu sa'o'i su ɗauki ɗumin ɗaki kafin ya jona wuta.