Allon Gwaji: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

'Yan'uwa ɗalibai, wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ya wajaba mu yi tir da ita. Ɗalibi zai haɗa na'urar da za ta kunna famfon ban-ruwa in ƙasa ta bushe, sai ya ci bashi ya sayo Raspberry Pi, wai don a ce ya waye. Haba jama'a!

Raspberry Pi, wanda ya fito a 2012, cikakkiyar kwamfuta ce mai tashi da Linux daga katin ajiya. In wuta ta ɗauke ba zato, katin yakan lalace, mu kuwa mun san halin wutarmu. Shi Arduino Uno ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 2 ce kacal, amma ta ishi famfo, kuma da wuta ta dawo zai kama aiki nan take. In ana bukatar Wi-Fi, ga ESP32 nan da araha.

Ba mu ce Pi ba shi da rana ba. Sarrafa hoton kyamara aikinsa ne. Kiranmu shi ne, aiki ya zaɓi allo. Malamai kuma su duba ko famfon ya kunna, su bar tambayar nawa aka kashe.