Gayyar Ɗalibai a Lokacin Hutu

A wannan mako filin namu zai leƙa Potiskum ta Jihar Yobe, domin mu yi magana a kan 'ya'yanmu na jami'a da irin abin da suke yi da hutunsu, musamman waɗanda sukan ɗaura niyyar fita ƙauyuka aikin taimako saboda Allah a ƙarƙashin ƙungiyoyinsu na addini.

Duk lokacin da aka rufe makarantu, tashoshin motar Potiskum sukan cika da samari da 'yammata masu dawowa gida daga Maiduguri da Damaturu da Gashuwa da Kano da Zariya. A cikinsu akwai mai koyon aikin likita, akwai mai koyon malanta, akwai mai koyon aikin gona da kiwon dabbobi. Wani lokaci hutun makonni kaɗan ne, wani lokaci kuwa ya zarce misali, kamar a 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ƙarfi da ilmi da ke zaune a gindin bishiya ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma babu wanda ya fi ƙungiyoyin addini iya tattara ta.

Dalili kuwa shi ne sun daɗe suna yi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wato MSS, an kafa ta a Legas tun 1954, kuma taronta na hutun Disamba da ake kira IVC yakan tara ɗalibai masu ɗimbin yawa, su kwana wuri ɗaya, su ci abinci tare, su saurari malamai. Ɗalibai Kirista su ma suna da FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, da NIFES ta manyan makarantu da aka kafa a 1968. Rassan waɗannan ƙungiyoyi sukan ziyarci asibitoci da gidajen yari, sukan kuma shiga ƙauyuka wa'azi da rabon kaya. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma fa tambayar da ya kamata a yi ita ce, idan motar ɗalibai ta tashi ƙurarta ta lafa, me ya rage a ƙauyen?

Tun kafin a san jami'a, mutanenmu suna da aikin gayya, kuma gayya tana da ƙa'ida. Mai gona shi ke faɗin ranar da za a zo, shi ke nuna inda za a sa fartanya, kuma ba a tashi sai an kai ƙarshen kunya. Ba a taɓa jin 'yan gayya sun zo gonar mutum ba da saninsa ba, sun nome inda suka ga dama, sun tafi an bi su da godiya. To, a ganina duk tafiyar taimako da ba ta bi wannan ƙa'ida ba, yawon buɗe ido ce kawai, ko da an buɗe ta da addu'a an rufe da addu'a.

Ƙasar nan ta riga ta ga misalin haka. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, aka kwashi ɗaliban manyan makarantu a dogon hutu aka watsa su karkara wai su taimaki manoma. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai da yawa daga cikin yaran ba su taɓa riƙe garma ba, ga su kuma a gaban dattijon da ya shekara arba'in yana noma gero. Har a Amurka, inda ɗaliban coci-coci suka saba tafiya ƙasashen talakawa aikin mako guda, masu lura sun daɗe suna ƙorafin cewa kuɗin jirgin masu zuwa sau da yawa ya fi aikin da suka yi tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma baƙon kwana ɗaya ba zai gano wurin ba sai an nuna masa.

Saboda haka abu na farko shi ne a tambaya. Kafin ɗalibai su ɗauki hanyar wani ƙauye a Nangere ko Fika ko Fune, sai wakilansu su riga su zuwa, su gai da hakimi da lawani da bulama, su zauna da limami da fasto in akwai, da shugaban makarantar firamare, da ma'aikacin ɗakin shan magani. Sau da yawa za a tarar abin da mutane ke so ba buhun tsofaffin tufafi ba ne. Watakila famfon tuƙa-tuƙa ne ya lalace tun bara saboda ɗan ƙarfen da bai kai kuɗin hayar mota ba, ko kuwa 'yan aji shida ne ba su da mai koya musu lissafi. Wannan sallama tana da wani amfani kuma. Ƙasar Potiskum ta sha wuya a shekarun tashin hankali. An kai hari makarantar sakandare ta Mamudo a Yuli 2013, sa'an nan ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar kimiyya ta gwamnati a cikin garin Potiskum, ya hallaka ɗalibai fiye da 40. Mutanen da suka ga irin wannan ba za a zarge su ba idan suka tsargu da motar baƙi da ta sauka ba sanarwa. Wajibi ne a sanar da sarakuna da jami'an tsaro, don amincin ɗaliban da kwanciyar hankalin masu masauki.

Abu na biyu, da ɗan gari akan ci gari. Potiskum gari ne na Ngizim da Bolewa da Karekare da Fulani da Hausawa da Barebari. Gaskiya ne Hausa ta game ko'ina, amma tsohuwar da za a yi wa bayanin allurar jikanta ta fi sakin jiki idan ta ji zancen da harshen da aka yi mata goyo da shi. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki shi ya kamata ya ja gaba, na nesa su bi bayansa. Haka kuma ɗalibai mata su ne za su iya shiga cikin gidaje su zauna da iyaye mata, inda namiji ba ya wuce zaure.

Abu na uku, kowa ya tsaya a kan abin da ya sani, a kuma dubi lokaci. A 2023 cutar mashaƙo ta kashe yara a Potiskum, a farkon 2024 kuma sanƙarau ya shiga makarantun kwana na yankin ya yi ɓarna. Hutun Disamba yana zuwa ne daidai shigowar hunturu, wato gab da lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa, daga sanyi zuwa bazara har saukar ruwan farko. Ɗalibin aikin likita ba likita ba ne tukuna, bai kamata ya rubuta magani ba sai da babba a kansa. Amma yana iya bi gida gida ya bayyana cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, a garzaya asibiti, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimakon cutar. Yana iya duba katin jariri ya ga ko an yi masa allurar da ke kare mashaƙo, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta a asibitocin gwamnati. A garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, masu koyon likitan dabbobi ba za su rasa abin yi a rugage ba. Idan kuwa hutun ya faɗo a damina, a sani manomi yana gona tun asuba, sai a mai da hankali ga yara da darasin yamma.

Abu na huɗu, kada a sa wa taimako sharaɗi. Wanda ya fita don Allah ba ya tambayar mai ciwo addininsa kafin ya auna shi, ba ya kuma riƙe magani a hannu sai an saurari wa'azinsa. Wa'azi yana da wurinsa da lokacinsa, kuma halin kirki da mutane suka gani da idonsu ya fi dogon jawabi shiga zuciya. Haka nan a rage ɗaukar hoton mabukata ana bazawa a wayoyi. Talaka yana da mutunci, kuma sadakar da aka yi don a gani, malamai na kowane ɓangare sun faɗi matsayinta.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka nauyi, shi ne a koma. Ya fi kyau reshen ƙungiya ya riƙi ƙauye ɗaya shekara biyar da ya zaga ƙauyuka ashirin sau ɗai-ɗai. A ajiye littafi a rubuta abin da aka yi da abin da aka yi alkawari, shugabannin bana su miƙa wa na baɗi, domin ɗalibi yana gama karatu ya wuce, ƙauyen kuwa yana nan. Yaron da aka koya wa karatu a wannan hutu a neme shi a hutu na gaba a ji inda ya kai. Attajiran Potiskum masu manyan motoci da fataken shanu, su ma ga hanyar lada ta samu, ko da man mota ne da abincin kwana bakwai.

Kyan alkawari cikawa. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.