KADA A RUSHE SAI AN DUBA

Hausawa sun ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum sun sha sara mai tsanani a shekarar 2010, sa'ad da yara ƙanana suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma da waɗansu ƙauyuka. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, aka auna jini, sai ga shi ashe gubar dalma ce. Dutsen zinariya ne a ke niƙawa cikin gida, ƙurarsa ta sauka a tsakar gida inda yara su ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Aka dinga kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, har Bagega ba a samu share ta ba sai 2013.

Ba don mu fama tsohon gyambo muka tuna da wannan ba. Akwai wata ƙura mai kisa wadda ta ke rataye bisa kawunanmu, a makarantu da ɗakunan shan magani da ofisoshi, watau ƙurar asbesto.

Asbesto wani ma'adini ne mai zare-zare, wuta ba ta cinsa. A kan gauraya shi da siminti a yi fallayen rufi da silin da bututun ruwa. Shekaru da yawa ana yinsa a ƙasar nan, aka rufa gine-ginen Gwamnati da dama da shi. Duk ginin da aka yi tun ƙarshen zamanin En'e, ko lokacin da aka yi ta gina azuzuwa domin ilmin firamare kyauta na 1976, ya cancanci a dube shi. Muddin falle yana nan lafiyayye ba a taɓa shi ba, cutarsa kaɗan ce. Amma ran da kafinta ya sa masa zarto, ko lebura ya jefo shi ƙasa ya tarwatse, sai zaren nan, wanda ido ba ya gani, ya bi iska ya shiga huhu. Can zai zauna, ya kawo ƙanjamewar huhu ko ciwon daji.

A nan ne ya fi dalma mugunta. Dalma ta kan nuna kanta da wuri, akwai kuma maganin da ke fid da ita daga jini, da shi aka ceci dubban yara a Anka da Bukkuyum. Asbesto kuwa ba maganin da ke fid da shi, ciwonsa kuma ya kan yi shekara 20 har 40 kafin ya bayyana. Yaron da aka sa ya share aji yau, sai ya zama magidanci sa'an nan tari ya kama shi, ba kuwa wanda zai tuna da ranar sharar.

Waɗanda suka riga mu shan wannan wahala sun yi wa abin doka. Ingila ta hana asbesto ɗungum a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. A Ingila ba a rushe tsohon ginin jama'a ko a yi masa babban gyara sai an bincika, in aikin mai haɗari ne kuma a sanar da hukuma kwana 14 kafin a fara. A Amurka ma ana ba da sanarwa kwana 10 na aiki kafin rushewa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da mu ke roƙo ga Ƙananan Hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum bai fi ƙarfinsu ba. Kada a ba ɗan kwangila iznin kware rufin tsohon gini sai duba-gari ya je ya gani. In ya yi shakka, a jiƙa ɗan ɓallin fallen a ƙunshe, a aika inda a ke aunawa, gama ido kaɗai ba ya rarrabewa. A sanar da Hakimi da mai unguwa da hedimasta a rubuce tun da sauran mako biyu. In an tashi aiki a jiƙa fallayen, a kwance su ɗaya ɗaya ba tare da fasawa ba, a naɗe cikin leda mai kauri, a binne inda hukuma ta keɓe. Kada a bar kowa ya kwashi gutsattsarin ya yi akurki ko ya cike rami a ƙofar gida. Mutanen Gummi, waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gine-gine, su lura da wannan wajen kwashe ɓaraguzai.

Mun sani ɗan kwangila zai ce wannan ɓata lokaci ne da ƙarin kuɗi. Gaskiya ne, akwai ƙari. Amma a tambayi uwayen Dareta, wanne ya fi tsada, jinkirin mako biyu ko kuwa kabarin ɗa?

To, akawuna, alƙalami yana hannunku. Takardar kwangilar da ba ta zo da shaidar duba-gari ba, ku mai da ita. Ku kuma malaman makaranta, mun san al'adar sa 'yan makaranta kwasar shara bayan magina sun tashi. Ku daina, ku dage a yi gyaran rufi lokacin hutu, kada kuma a koma aji sai manya sun goge shi da tsumma mai ruwa, ba da tsintsiya ba. Amana aka ba ku.

Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da magani. Allah ya sa mu gane, ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.