Tsamiya Ba Ta Kunu Kaɗai Ba Ce

A wani taron suna da muka halarta a Tanjuware, kudu da Dapango, wani dattijo ya fito cikin babbar riga da ya gada daga mahaifinsa. Da aka yaba aikin allurar da ke ƙirjinta, sai ya ce, "Ai tsamiya ce." Samari suka kwashe da dariya, ɗayansu har yana tambaya ko da kunu aka rina ta. Dattijon ya yi shiru. Mu kuwa ba za mu yi shiru ba, domin dariyar nan alama ce ta asarar da muke tafkawa ba tare da mun sani ba.

Bari mu fara da ma'ana. Tsamiya itaciya ce, wannan kowa ya sani. Amma a bakin masaƙa da maɗinka na ƙasar Hausa, tsamiya sunan wani zare ne mai daraja. Wata tsutsa ce da ke cin ganyen itatuwa, har da na tsamiya, take saƙa wa kanta gida ita da 'yan'uwanta. A kan ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya sake, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Zaren da ke fitowa ruwan ƙasa ne mai haske, ba ya walƙiya, amma yana da ƙarko. Da shi ake yin aska biyu da aska takwas a rigunan sarakuna da manyan malamai. Yarbawa suna kiran tufar da aka saƙa da irinsa sanyan, kuma har gobe suna girmama ta.

Saboda haka masu fassara tsamiya da lilin sun yi kuskure. Lilin daga jikin wani tsiro ake samunsa, kuma Misira ce ta shahara da shi tun zamanin Fir'aunoni. Haka kuma tsamiya ba alharini ba ce. Alharini, wanda sunansa daga Larabci ya zo, ja ne mai ɗaukar ido, ayarin raƙuma ke kawo shi Kano daga Tarabulus. Saƙi kuwa auduga ce, baƙi da fari, mai zanen jikin zabo. Turkudi shi ne rinin baba da aka buga har ya yi sheƙi, wanda garin Kura ya yi suna a kansa. Kowace tufa da sunanta, kowane suna da farashinsa.

Wani zai ce, mene ne ruwan mutanen Togo da wannan? Ruwanmu da tsaki. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro, ta ƙasar nan suke ratsawa: wasu ta Sansanin Mango zuwa Yendi, wasu ta Jugu da ƙasar Kotokoli, inda Sokode take, har su isa Salaga. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauke da su akwai kanwa da fatu da tufafi. Bature Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar Kano tana kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Zangunanmu a kan wannan fatauci suka kafu. Bugu da ƙari, ƙamus ɗin Hausa da Mischlich ya wallafa a 1906, a Togo ta zamanin Jamus ya yi aikinsa, kuma a Kete-Krachi ya zauna da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Ashe ƙasar da ta taimaka wajen adana kalmomin Hausa ita ce za ta riga kowa zubar da su?

Mun san hujjar masu cewa a bar abin da ya wuce. Suna cewa harshe rayayye ne, yana zubar da tsoho yana ɗaukar sabo, kuma yau shaddar Getzner da atamfar Holan ake yayi. Gaskiya ne, kuma ba mu da faɗa da aro. Alharini ma ai baƙo ne da ya zama ɗan gida. Abin da muke ƙi shi ne a tattara sunaye goma a cusa cikin guda, komai ya koma "yadi" ko "kayan da". Aro yana ƙara wa harshe dukiya, mantuwa kuwa talauta shi take yi.

Kuma asarar ba ta tsaya a baki ba, tana shiga aljihu. Magajin da bai san tsamiya ba, ranar rabon gado zai ɗauki rigar da aka yi watanni ana ɗinkawa da hannu a matsayin tsumma, ya sayar wa dillali da kuɗin cefane. Mai sayen da bai san ta ba, za a miƙa masa zaren inji a kira masa shi da sunanta, ya biya yana godiya. Rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Masaƙan da suka rage a Sokode da Bafilo ma, wa zai biya su haƙƙin guminsu idan ido ya daina bambance saƙar hannu da ta inji?

Don haka muna kira ga iyayenmu na Tanjuware da Dapango da Sokode: ku buɗe adakokinku tun kuna da rai, ku shimfiɗa rigunan nan a gaban jikokinku, ku faɗa musu sunan kowace da inda ta fito. Ku kuma samari, maimakon dariya, ku tambaya, ku rubuta, ku ɗauki hoto ku ajiye. Dattijon nan ba zai dawwama ba. Ranar da aka buɗe adakarsa babu shi, muna fata a sami ko mutum ɗaya a ɗakin da zai ɗaga rigar ya ce, "Wannan tsamiya ce, ba ta sayarwa ba ce."