TALLA DA HAUSA, SHARAƊI DA TURANCI: KUKAN 'YAN GOBIR A KAN CINIKIN DATA

Ya 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Isa ko ta Sabon Birni ya san dokar awo. Mai sayen gero yana tsaye ake cika masa tiya a gabansa, ya ga tozonta da idonsa, in kuwa ya lura an buge gindin kwano sai ya ɗaga murya, jama'a su taru, a kai magana gun sarkin kasuwa. Wannan doka ta girmi zuwan Turawa. To, yau ga wani ciniki ya shigo ƙasarmu wanda mai saye ba ya ganin mudu, ba ya ganin hatsi. Mai sayarwa shi ne ma'auni, shi ne shaida, sa'an nan in gardama ta tashi shi za a fara kai wa ƙara. Cinikin data muke nufi.

Mu da muka fito daga Tozai da ƙauyukan da ke kewaye da ita mun san zafin wannan abu fiye da 'yan birni. Ɗayanmu zai tara kuɗin da mahaifinsa ya samu daga buhun wake, ya sayi 'yar na'urar nan da ake kira modem, wadda ake sa wa layin waya a soka a jikin kwamfuta, ko kuwa ƙanwarta ta aljihu mai raba wa mutum huɗu ko biyar intanet a lokaci guda. Ba don nishaɗi ya saye ta ba. Rajistar zango, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, neman littafin da babu shi a laburare, duk an mai da su kan intanet ba tare da an tambayi ɗan ƙauye ko yana da hanyar isa can ba. Ya zuba data ta wata guda, ya tafi hutu gida, ya yi ta yawo da kwamfuta daga gindin tsamiya zuwa kan tudu yana neman sanda ɗaya ta sabis. Kwana talatin suka cika, saƙo ya shigo da Turanci: datarka ta ƙare. Ina ta tafi? Oho!

Bari mu warware wa 'yan'uwa ƙullin, domin kuwa wanda ya san inda tarko yake shi ke tsallake shi. Abin da kake saya ba giga ba ne kurum, giga ne haɗe da wa'adi, kuma wa'adin ya fi gigan ƙarfi. Giga ɗaya mega dubu ne da 'yan kai, amma ko mega ɗaya ba ka taɓa ba, ranar da wa'adi ya cika ragowar ta zama ba taka ba. A wace kasuwa ake sayar wa mutum da tiya goma a ce in bai cinye cikin wata ba za a zo rumbunsa a kwashe saura? A 2018 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba da umarni cewa a bar mutum ya ɗauki ragowarsa zuwa sabon zagaye, amma fa sai in ya sabunta cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. Watau kafin ka karɓi abin da ka riga ka biya, sai ka sake biya. Wanda ba shi da kuɗin sabuntawa a wannan mako, ko ba shi da sabis ɗin da zai sabunta da shi, ya yi asara ke nan.

Sa'an nan akwai sabuntawa da kanta. Ka sayi data sau ɗaya, ka danna lambar da ba ka fahimci Turancinta ba, ashe ka ba da izini a riƙa zarar kuɗi daga layinka duk lokacin da wa'adi ya zagayo. Ka sa katin ɗari biyar don ka kira gida ka ji lafiyar tsohuwa, kafin ka ɗaga waya an share shi. Daɗa kuma ga wata da ta fi wannan ciwo: in datar da ka saya ta ƙare kana tsakiyar aiki, a wasu tsare-tsaren intanet ba ya tsayawa, sai ya koma cin kuɗin kiran da ke kan layin, a kan farashin da ya ninka na ƙunshin da ka saya. Mai modem ya fi kowa faɗawa wannan rami, don layin yana cikin na'ura, saƙon gargaɗi yana shiga inda ba ya gani, kwamfuta kuwa tana can ta bayan fage tana sauke gyare-gyarenta masu nauyi ba ta nemi shawararsa ba. Na "ba iyaka" kuma, kalmar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a allon talla, in ka duba ƙasa can cikin rubutu mai kama da ƙwan ƙuda za ka tarar da iyakar tana nan daram: in ka kai wani adadi sai a shaƙe maka gudu, shafi ɗaya ya ɗauki lokacin da za a dama fura a shanye. Garaɓasar da ake cika baki da ita, sau da yawa ta tsakar dare ce, lokacin da babu mai hankalin da zai fita bayan gari neman sabis a Gobir ta yau.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne wannan. Sa'ad da ake son kuɗinmu, an iya Hausa sarai: ga waƙa a rediyo, ga kalangu, ga ɗan wasan kwaikwayo yana washe baki a allo. Sa'ad da aka zo sharuɗɗan da za su ɗaure mu, sai Hausa ta ɓace, a koma Turancin lauyoyi wanda mu kanmu da ke jami'a sai mun karanta sau uku. Ina kuma ga manomin Gatawa ko mai sayar da albasa a Tsamaye? Harshen da ya isa a yi kiran ciniki da shi ya isa a rubuta yarjejeniya da shi.

Kada wani ya ce mana ba zai yiwu ba, mun taɓa jin wannan waƙar. A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, a watan Agusta na shekarar MTN da Econet suka fara aiki. A lokacin da minti ake lissafi, kusan naira 50 kowane minti, in ka wuce da sakan ɗaya ka biya minti biyu cur. Jama'a suka yi kuka, aka ce lissafin sakan bai yiwuwa tukuna. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin sakan, cikin 'yan watanni sai ga abin da ba ya yiwuwa ya yiwu ga kowa. Ashe ba na'ura ce ta hana ba.

Mu mazauna bakin iyaka muna da namu ƙarin kaya. Daga Sabon Birni Maraɗi ta fi Sakkwato kusa, kuma iskar sadarwa ba ta san shingen da Faransa da Ingila suka gitta a tsakiyar Gobir ba. Inda turken Nijeriya ya yi rauni, layi yakan kama na Nijar, in kuwa an buɗe masa yawon ƙasar waje sai a yi maka lissafi irin na matafiyi, alhali kana zaune a zauren ubanka. Shi ya sa mutane da yawa a wajenmu suke riƙe layi biyu, ɗaya na naira ɗaya na sefa.

Sai kuma shekarar 2021, wadda ba za mu manta ba. A farkon Satumba aka rufe sadarwa a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, kafin watan ya ƙare aka rufe a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Ba mu zo nan don mu yi wa jami'an tsaro darasi ba, ko da yake bayan kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoba gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, da kansa ya nemi a maido da layukan. Tambayarmu ta ciniki ce. Waɗanda a cikinmu suka zuba datar wata guda kwana biyu kafin a rufe, sun zauna suna kallon modem ba ta ko ƙifta ido, agogon wa'adi kuwa bai tsaya ba ko na sakan ɗaya. An karɓi kuɗi, ba a ba da kaya ba, wa'adi ya cika. Ko a gaban alƙalin ƙauye wannan shari'a ba ta da wuya.

Za a ce mana kamfanoni su ma suna cikin wahala: man dizal na injinan turaku ya yi tsada, naira ta faɗi tun 2023, ɓarayi suna sace batura, ma'aikata suna tsoron shiga daji gyara. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Da wannan hujja suka nemi a ninka farashi, a watan Janairu na 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. To, an yi ƙarin, kuma ɗan Tozai yana biyan daidai abin da ɗan Ikko ke biya. Shin abin da yake samu daidai ne da na ɗan Ikko? In tsadar dizal hujja ce ta ƙarin kuɗi, rashin sabis ma hujja ce ta ragi.

Mu ma da namu laifi, kada mu ɓoye. Muna danna "na yarda" ba mu karanta ba, muna zagi a ɗakin kwana amma ba ma kai ƙara. Tun 2023 an daidaita lambobi a dukkan layukan ƙasar nan: *323# na duba ragowar data, *310# na duba kuɗin kira, 300 na magana da kamfani. In ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, 622 layin hukuma ne, kyauta ake kira. 2442 kuwa na toshe saƙonnin talla ne. Wanda ke aiki da modem ya cire kuɗin kira daga layin, ya hana kwamfuta sauke kaya da kanta, ya kashe yawon ƙasar waje kafin ya wuce Goronyo.

Amma wannan kariyar mutum ɗaya ce, mu kuwa gyaran kasuwa muke nema. A 2024 hukumar ta umurci kamfanoni su sauƙaƙa tsarin farashinsu, su bayyana shi a fili. Muna cewa bayyanawar da ba ta zo da harshen mai saye ba rabi ce. A rubuta kowane sharaɗi da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a rediyon da aka yi tallar. Duk ranar da turke ya mutu, ko gwamnati ta rufe shi, a tsai da agogon wa'adin mutanen wannan yanki, tun da kamfani ya san layukan da ke ƙarƙashin kowane turke. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta buɗe littafi a ofishinta, duk wanda aka ci wa data ya zo ya rubuta rana da adadi da lambar ƙarar da aka ba shi, a ƙarshen zango a tattara a aika wa hukuma da sa hannun shugabanni. 'Yan Isa da Sabon Birni za mu fara rubutawa.